Fuskar Agogon Bitrus

Samarin da ke zama a bencin shagona bayan la'asar suna da wata hira da ba sa gajiya da ita. Ɗaya zai miƙo mini waya ya ce, "Baba, dubi wannan. Tsohon agogo ne fa, amma an sayar da shi kuɗin gida a Barnawa." Wani ya ce ai babu sana'a mai sauƙi irin wannan, ka sayi agogo ka jefa a durowa, ka manta da shi shekara biyar, ka dawo ka tarar ya haihu. Suna ganina zaune a inuwa, ba gumi, ba ɗaukar kaya, sai ɗan gilashi a ido, suna jin ko yau aka ba su teburin za su iya. Ba na musu da su. Amma tunda ɗayansu ya fara tsinto tsofaffin agoguna a gwanjo yana kawo mini in goge masa su yi ƙyalli, na ga gara in rubuta abin da na sani, har da wanda ba ya yi mini daɗin faɗa.

Sunana Tanimu, amma daga Kakuri har Sabon Tasha da Mai Agogo aka san ni. A Unguwar Sanusi, nan Kaduna, aka haife ni. Firamare na gama, ban wuce nan ba. Kawuna ne ya kama hannuna ya kai ni Kakuri wurin wani Ibo mai suna Oga Fidelis, wanda ke da teburin gyaran agogo a bakin titin da ma'aikatan masaƙa ke bi.

Aikin farko da ya ba ni ba agogo ba ne. Gero ya zuba a faranti, ya miƙo mini hantsaki, ya ce in kwashe shi ƙwaya-ƙwaya zuwa wani farantin. In ƙwaya ɗaya ta yi tsalle, a juye a sake daga farko. Sati biyu ina wannan. Hausarsa ta kasuwa ce, yana sirka ta da buroka, wato karyayyen Turanci. Yakan leƙo ya ce, "Tanimu, hannunka yana rawa kamar mai zazzaɓi. Wannan gero ne, in ya faɗi kaza za ta ci. Sukuru in ya faɗi, wa zai ci? Ni zan ci? Abeg, sake."

Agogon farko da na buɗe da hannuna na wani direban tirela ne, irin wanda ake wanawa kowace safiya. Oga ya jera mini kayan aiki a kan farin ƙyalle: gilashin ido, hantsaki, ƙananan sukudireba guda shida, wuƙar buɗe baya, 'yar kwalbar fetur ta wanki, robar hura iska, da wani siririn tsinke na ɗiga mai. Har yau yawancin kayana ke nan, ban da abin gwada batir da ya zo daga baya. A cikin kowane irin wannan agogo akwai wani sifirin da muke kira gashi, don bai fi gashin kai kauri ba. Shi ne ke riƙe da lokaci. Na sunkuya a kansa, na yi numfashi, gashin ya tashi ya maƙale a gefen inji ya lanƙwashe. Oga bai dake ni ba. Ya zauna ya miƙe shi da hantsaki biyu tun daga azahar har la'asar, ni kuma ya sa ni tsaye ina kallo. Tun ranar na koyi riƙe numfashi. Na kuma koyi cewa man da ake ɗigawa a 'yan jajayen duwatsun da haƙoran inji ke juyawa a kansu bai kai rabin ƙwayar gero ba. In ya fi haka, ya malale ya kama ƙura, bayan wata shida mai agogo ya dawo yana zaginka.

Dokokin Oga biyu ne, kuma ba ya wasa da su. Ta farko, duk agogon da ka buɗe ka yi masa aiki, ka karta alamarka da kan allura a cikin murfin baya, ta yadda mai gyaran da zai zo bayanka zai san hannun wa ya wuce. Tasa alamar F ce. Da na ƙware ya ce in riƙa sa T. Ta biyu, duk abin da ka cire daga agogon mutum, ko karyayyen sifirin ne, ko fasasshen gilashi, ka naɗe a takarda ka ba shi tare da agogonsa. Na taɓa tambayarsa me mutum zai yi da karyayyen sifirin. Ya ce, "Ba ruwanka. Nasa ne. In ya ga dama ya zuba a miya."

Lokacin kasuwa tana ci. Masaƙu suna aiki ba tsayawa, jiniya na kaɗawa, mutane na fitowa kamar an buɗe dam. Wanda ya makara minti biyar ya tarar an rufe ƙofa, don haka ma'aikaci ya gwammace ya rasa takalmi da ya rasa agogo. Ƙarshen wata teburinmu ba ya ɗaukar aiki.

A shekarata ta huɗu Mista Bitrus ya fara kawo nasa. Mutumin kudancin Kaduna ne, dogo, mai yawan barkwanci, fita ne, wato makanike, a ɗaya daga cikin masaƙun, shi ke gyaran injin saƙa. Wani Bature injiniya da suka yi shekara tara suna aiki tare ne ya cire agogon daga hannunsa ya ba shi ranar da zai koma ƙasarsu, har da takardar saye, wadda Bitrus ya adana a cikin Littafi Mai Tsarki. Agogon ɗan Suwizalan ne, na farin ƙarfe, ba zinare a jikinsa ko kaɗan. Atomatik ne, motsin hannu ke wana shi. Fuskarsa baƙa, irin ta agogon masu nutso a teku. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba: Oga ya tashi ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa shi. Da ya buɗe, ya kira ni ya ce in duba injin, in kuma rufe bakina kada in yi numfashi.

Bitrus ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, ka kula da shi. Ku an yarda muku huɗu. Mu mata ɗaya, agogo ma ɗaya."

Bayan shekaru Oga Fidelis ya tsufa, ido ya fara ba shi wahala, ya tattara ya koma garinsu. Ya bar mini tebur, da akwatin gilashi, da mutanensa. Bitrus na cikinsu.

Sai mummunar shekara ta zo. Gaskiya ba shekara ɗaya ba ce, amma akwai wadda ta fi sauran. Da ma agogon batir na roba ya riga ya cika kasuwa, wanda in ya lalace sai a jefar a sayi wani. Sannan wayar hannu ta shigo, kowa lokaci na aljihunsa. Sannan masaƙu suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Jiniya ta yi shiru. Titin da ba ka iya tsallakawa da safe ya koma wurin kiwon awaki. Nakan wuni in sake batir biyu in tashi. Masu gyara da yawa sun sayar da kayan aiki sun kama acaɓa.

Ni ban kama acaɓa ba. Abin da na kama ya fi wannan muni: na koyi ƙirƙirar aiki. Mutum ya kawo agogo don wanki, sai in ce gilashin ya tsufa, a sake. In ce fuskar ta koɗe, a sake. Akwai masu kawo fuskokin jabu daga Legas, da sunan kamfani a rubuce tsaf, wanda bai sani ba ba zai bambance ba. Akwai kuma wani mai walda a bayanmu da ke da injin gogi, nakan kai masa jikin agogo mu murza shi har ka ga fuskarka a ciki. Mutane suna son ƙyalli, suna biya suna godiya. Dokar takarda kuwa na ajiye ta. Tsofaffin fuskokin da na cire sai na riƙa kafa su a wani allon katako a cikin akwatin gilashi, don ado, don mai wucewa ya san nan ake gyaran agogo. Kowace fuska tana da 'yan ƙafafu biyu a bayanta da ke shiga inji. Nakan datse su da filaya don ta kwanta a allo, in sa 'yar ƙusa ta ramin tsakiya inda hannuwa ke fitowa.

A cikin wannan shekarar Bitrus ya zo. An sallame su daga masaƙa wata uku kafin nan, ya rame, amma bakin nan na nan. Ya ce ya samu aikin kula da janareta a wata makaranta, agogon kuma ya fara latti, yana so a wanke a sa mai. Abin da agogon ke buƙata ke nan, ba ƙari. Sai dai rana da shekaru sun juya baƙar fuskar ta koma ruwan ƙasa, kamar shayin da ba madara, ɗigon lambobin kuma sun koma kalar man shanu. Na juya shi a hannu na ce, "Mista Bitrus, fuskar nan ta mutu. In aka bar ta za ta riƙa zubar da gari cikin inji."

Ya ce, "Dole ne a sake?"

Na ce, "Dole ne."

Ƙarya ce. Fuskar lafiyarta ƙalau. Na wanke injin yadda ya kamata, wannan kam ban yi ha'inci ba. Na sa fuskar Legas baƙa wuluk. Na kai jikin wurin mai walda muka murza shi, gefunan da kamfani ya yanka masu kaifi suka koma sumul kamar sabulun da aka yi sati ana wanka da shi. Na karta T a ƙarƙashin F ɗin Oga. Da ya zo karɓa ya ɗaga shi sama ya ce, "Kai, Mai Agogo! Ka mayar mini da tsohuwa amarya." Ya biya, ya tafi yana murna. Bai tambayi tsohuwar fuskar ba, ni ma ban ambata ba. Da yamma na datse ƙafafunta na kafa ta a allo, layi na biyu daga sama.

Yanzu ku samari ku saurara, don nan ne ba ku gane ba. Masu kuɗin da ke tara irin waɗannan agoguna ba lokaci suke saye ba, lokaci na wayarsu. Ba ƙyalli suke saye ba, in ƙyalli suke so sabo na kanti. Abin da suke biya shi ne a ce ga abu yadda ya fito daga kamfani, ba wanda ya sake masa komai. Kowace shekara irinsa na raguwa, don wasu sun ɓace, wasu sun faɗa hannun irina, shi ya sa wanda ya tsira kuɗinsa ke hawa. Kartar da ke jikinsa shaida ce. Takardar saye shaida ce. Fuskar da ta koɗe da kanta ta koma ruwan ƙasa, wadda mu muke kira matacciya, su ita suka fi nema, don babu mai iya yin ta da hannu, sai shekaru. Kuma ba kowane tsohon agogo ba ne. Cikin ɗari da za ku tsinto a gwanjo, da wuya ku samu ɗaya. In kun same shi kuka kai injin gogi, kun yi garin neman gira a rasa ido. Ƙarfen da gogi ya cinye ba ya dawowa. Duk wannan ban san shi ba sai da furfura ta gama cin kaina.

Bara, bayan sallar layya, wata mata ta tsaya a gaban teburina ta ce, "Baba, ba ka gane ni ba? Rifkatu ce, 'yar Bitrus." Na san ta tana yarinya, yanzu malamar firamare ce a Narayi. Ta ce babanta ya faɗo daga tsani yana gyaran kwanon rufin gida, ƙashin ƙugu ya karye. Likitoci sun ce sai an yi aiki an sa masa na ƙarfe, in ba haka ba shi da tafiya har abada. Wata uku ke nan yana kwance. Sun nemi taimako a coci da dangi, abin da aka samu bai kai ko'ina ba. Sai wani ya ce ta sa hoton agogon a waya. Kafin kwana biyu wani dillali daga Abuja ya kira, ya ce zai zo, amma sai an buɗe bayan ya ga inji. Murfin irin wannan agogo ba a buɗe shi da wuƙa, sai da wani makulli mai haƙora, kuma a Kakuri ni kaɗai nake da shi.

Washegari dillalin ya zo da mota mai sanyi. Alhaji Nazir sunansa, bai fi shekara talatin ba, shadda tana ɗaukar ido. Ya gaishe ni da ladabi. Na buɗe agogon na miƙa masa. Ya fito da nasa gilashin idon, wanda ya fi nawa kyau. Ya duba inji ya gyaɗa kai. Ya duba lambar da ke jiki ya haɗa da ta takardar da Rifkatu ta ciro daga jaka, ya sake gyaɗa kai. Ya juya murfin ya daɗe yana kallon cikinsa. Sannan ya juyo fuskar, sai ya yi tsaki.

"Innalillahi. Wane mahauci ne ya yi wannan?"

Rifkatu ta ce, "Lafiya, Alhaji?"

"Madam, fuskar nan jabu ce. Jikin kuma an murje shi kamar tukunya. Wallahi da an bar shi yadda yake, da ya yi wa Baba aiki ya kuma saya muku fili a Mahuta. Amma yanzu inji kawai zan saya da takarda."

Ya faɗi abin da zai bayar. Bai kai rabin kuɗin aikin ba. Rifkatu ta dube ni ta ce, "Baba, haka ne?" Na ce, "Fuskar kam ba ta asali ba ce." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ta naɗe agogon a hankici ta ce za ta yi shawara da gida, ta tafi neman keke mai ƙafa uku.

Alhaji Nazir bai tafi ba. Ya tsaya yana danna waya, amma idonsa na kan akwatin gilashi. Can ya ce, "Baba, allon nan naka ya burge ni. Zan sa shi a ofis don ado. Nawa?" Na bi idonsa. Ba allon yake kallo ba. Layi na biyu daga sama yake kallo.

Na ce ba na sayarwa ba ne.

Ya yi murmushi ya rage murya. "Baba, mu yi magana ta manya. Na ga F a murfin, na ga T. Ba sunanka Tanimu ba? Ni ba zan gaya mata ba, me zai ƙare ni da shi? Abu ya riga ya wuce. Ka ba ni wannan ɗaya kawai, in ba ka abin da zai kai ka Umara ka dawo da tsaraba. Ita kuma in ƙara mata wani abu a kan nata. Kowa ya samu."

Lissafinsa a fili yake. Ya sayi agogon da araha a hannunta, ya sayi fuskar a hannuna, ya haɗa su a Abuja, ribar ta zama tasa. Ni kuma asirina ya rufu. Ya kamata in ce na kore shi nan take. Ban kore shi ba. Cewa na yi, "Ka dawo jibi."

Kwana biyun nan na yi su ina aiki kamar kullum. Na sake batir, na rage wa wani sarƙar agogo. Na kuma yi ta kawo wa kaina hujja: ba wanda ya san darajarta a lokacin, shekara ashirin da wani abu tana allona ba wanda ya nema, da na jefar da ita a bola fa? Duk hujjar da na kawo sai ta tsaya a wuri ɗaya. Mutumin ya tambaye ni ko dole ne.

Ranar da Alhaji zai dawo, da safe, na zare ƙusar da hantsaki a hankali. Akwatin yana inuwar rumfa, ruwa bai taɓa ta ba, kalar ma ta ƙara nuna. Na hure ƙurar da roba, ban sa mata ƙyalle ba. Na yanki farar takarda na naɗe ta, na rufe shago na hau keke zuwa Narayi.

Na tarar da Bitrus a katifa a falo, an jingina shi da matasai. Matarsa, Mama Saratu, ta kawo mini kunu. Rifkatu na tsaye a bakin ƙofa, ranar Asabar ce ba makaranta.

Ya ce, "A'a, Mai Agogo da kansa! Ka zo ganin injin da ya ƙi gyaruwa?"

Na miƙa masa takardar. Ya warware da yatsunsa masu kauri, ya kai ta kusa da ido, ya daɗe.

"Wannan ai tawa ce."

Na ce, "Taka ce. Mahaucin da Alhaji ya zaga shekaranjiya ni ne. Lafiyarta ƙalau lokacin da na cire ta. Aiki nake nema, na ce maka ta mutu. Na datse mata ƙafafu na kafa a allona. Jikin ma ni na murje shi. Alhajin ya gan ta, ya nemi in sayar masa a ɓoye, na ce ya dawo yau."

Rifkatu ta ce, "Baba, kana zaune ina tambayarka, ka dube ni ka ɓoye mini? Da na sayar a ranar fa?"

Na ce, "Da kin yi asara, kuma ni na jawo."

Ta fita tsakar gida. Mama Saratu ta bi ta. Muka rage mu biyu. Bitrus yana ta juya fuskar a tafin hannunsa.

Ya ce, "Na tambaye ka ko dole ne."

"Ka tambaya."

"Ka ce dole ne."

"Na ce."

Ya ajiye fuskar a kan takardarta. Sannan ya ce, "Ni fita ne, Tanimu. Na san abin da yunwa ke sa mai gyara ya gani a jikin inji. Ba zan ce ban ji zafi ba. Ko na yafe, ƙarfen da ka cinye ba zai dawo ba. Sha kununka kada ya huce."

Na sha. Kafin in tafi na gaya wa Rifkatu abin da na sani na sana'a, ko da ba ta dube ni ba. Kada ta bari kowa ya mayar da fuskar, har da ni. Tunda ba ƙafafu, sai dai gam ko wuta, kuma kowannensu na iya ƙarasa ta. Ta ɗauki hoton agogon, da fuskar a gefensa gaba da baya, da takardar, ta faɗi gaskiyar abin da aka yi masa, ta kuma nuna wa dillali fiye da ɗaya.

Alhaji Nazir ya zo ya tarar da shago a rufe. Da ya kira na gaya masa fuskar tana hannun masu ita. Ya ce, "Baba, ka yi wa kanka." Na ce na daɗe da yi. Duk da haka a ƙarshe shi ya saya, bayan wasu biyu sun taya ya ga za ta kuɓuce masa. An rage kuɗi saboda ƙafafun, an rage saboda gogin. Abin da ya rage ya biya aikin, da ƙyar. Filin Mahuta kuwa yana cikin ƙurar da ta tashi a injin mai walda.

Sauran fuskokin na sauke su duka daga allon. Kowace na naɗe ta a takardarta, suna cikin gwangwani a ƙarƙashin tebur. Yawancinsu ba su da wata daraja a kasuwa, na tambaya. Amma ba nawa ba ne, kuma ban san masu su ba. Wasu sun mutu, wasu sun koma garuruwansu tun da masaƙu suka rufe. Allon yana nan da tabon da'ira-da'ira inda katako bai ga haske ba. Saurayin nan da ke kawo mini na gwanjo ya tambaye ni me ya sa ba zan yi masa fenti ba. Shi ma agogunansa na ce zan wanke inji in sa mai, amma gogi sai dai ya nemi wani.

Rifkatu har yau in ta wuce gaisuwa ce kawai, ba ta zama. Ban ga laifinta ba.

Watan jiya keke ya tsaya a gaban shago, Bitrus ya sauko da sanda, a hankali, ƙafa ɗaya na jan ɗaya. A hannunsa akwai agogon roba na batir da jikarsa ta saya masa. Ya zauna a benci ya ture samarin gefe, ya kwance shi ya ajiye a kan farin ƙyalle.

"Ya tsaya tun Lahadi. Saura kaɗan in makara coci."

Na buɗe na gwada. Na ce, "Batir ne. Sai an sake."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Dole ne?"

Na juyo masa abin gwajin don ya ga allurar da idonsa. Ba ta motsa ba. Ya gyaɗa kai. Na sa sabo, na daidaita lokaci, na rufe. Sannan na yanki takarda na naɗe mataccen batirin, wanda bai kai ƙwayar wake ba, na miƙa masa tare da agogon.

Ɗaya daga cikin samarin ya yi dariya ya ce, "Baba, me zai yi da mataccen batir?"

Bitrus ya karɓa, ya sa a aljihun gaban riga, ya danne maɓallin aljihun.

Ya ce, "Ba ruwanka, yaro. Nawa ne."